Jandarma a Gindin Ɗorawata

A gidan da aka kai ni aure a Bagudo, maza ba sa tsufa da idonsu. Surukina makaho ne, ƙanensa ma haka, kuma in ka gangara unguwar bakin kogi da hantsi za ka tarar da dattawa jere a gindin katanga, kowa da sandarsa tsakanin gwiwoyi, suna shan rana. Ciwon da ƙaiƙayi yake farawa. Mutum ya yi ta susa har ƙwaurinsa ya yi dabbare-dabbare, shekara ta zo ta wuce, sannan abin ya hau ido. A lokacin ba mu san ƙudan bakin ruwa ke kawo shi ba, cewa ake yi rabon masu noman fadama ne. Ni amarya ina kallo ina cewa Allah ya kiyaye, har ranar da na fito da tsintsiya na ga maigidana zaune a gindin rumbu yana kartar ƙafarsa da totuwar masara.

Tsintsiyar ta suɓuce daga hannuna. Ya ɗago ya ce, "Mi ya faru?" Na ce babu komai. Ya ce kirci ne kawai, zai sha sassaƙe ya wuce. Na ce Allah ya sa. Amma ni ba yarinyar goye ba ce da za a yi wa wasa da hankali, na ga ƙafar ubansa, na ga tasa. Tun daga ranar tsoro ya shiga cikina ya yi shimfiɗa. Mutumin nan shi ke noma shinkafar da muke ci, ba shi da wa, ƙannensa duk mata ne suna gidajen mazansu. Ranar da idonsa ya rufe, wa zai ciyar da mu?

Sana'ata daddawa. Wurin Innata na koya, ita kuwa 'yar Dandawa ce, tun da babana ya rasu ta koma ƙauyensu can hayin kogi, bayan iyaka, a inda muke kira ƙasar Faransi. Iyakar a lokacin suna ce kawai, ba wanda zai iya nuna maka ga inda take. Kowace bazara nakan bi fatake in je wurin Inna sayen kalwa, wato ƙwayar ɗorawa da ake daddawa da ita, don can ta fi araha. A zuwana na shekarar nan na kwance mata cikina, na kuma nuna mata 'yan sulallan da na fara tarawa a bakin zane. Na ce tukunya zan samu in binne su a ɗaka.

Inna ta ja tsaki. Ta ce, "Tukunya! Ke dai tun kina ƙarama wayonki bai da yawa. Kuɗɗin tukunya ƙafa gare su. Ranar suna su hita, ranar biki su hita, dangin miji su zo da hawaye su hita. In kuwa sun zamna, yadda kinka aje su haka za ki iske su, ko ɗa guda ba su haihuwa." Na ce to in sayi akuya. Ta ce akuya ba laifi, amma kura na sonta, ɓarawo na sonta, zawo ma na sonta. "Ki sai abin da ba ya ci, ba ya sha, ba a saɓa shi a kafaɗa a gudu. Taso in gwada miki."

Ta ja ni gona ta tsayar da ni a gindin iccen ɗorawa. A ƙasar su Inna icce daban, ƙasa daban. Kana iya sayen ɗorawa a tsakiyar gonar wani, gonar tasa, iccen naka, har 'ya'yanka su gada. Ba a cinikin a zaure. A gindin iccen ake yi, mai sayarwa ya dafa, mai saye ya dafa, a fasa goro gaban dattawa, sannan a sara maka shaidarka da gatari a jikin ɓawon. Tawa shaidar sawun kaza ce. Duk shekara kana ba mai gona kwando guda saboda inuwar da ta danne masa gero. Sai sharaɗi ɗaya, wanda shi ne ya kusa ajalina: mai icce da ƙafarsa yake zuwa kaɗa, ba a aike. In ka bari ɗorawar shekara guda ta bushe ta zube ƙasa ba ka ɗaga mata gora ba, iccen ya koma wa mai gona, ko alƙali ba ya karɓo maka. Dattawa sun yi haka ne don kada attajiran nesa su saye dajin su zauna gida suna turo barori.

Na sayi wata 'yar madaidaiciya da abin da ke bakin zanena, na dawo gida ko kwabon goro babu. Ɗorawa ba ta da abin yarwa. Kalwar ta tafi daddawa, garin mai ruwan ƙwai yara su sha, ɓawon kuma magina su saya don makubar shafen katanga. Abin da iccen nan ya ba ni na raba biyu, rabi ya shiga tukunyar miya, rabi na ɗaure ban taɓa ba. Da bazara ta zagayo na sayi na biyu. Su biyun suka haɗu suka sayo min na uku. Haka na yi ta yi, ina ganin matan unguwa suna jera kwanuka da tasoshi har rufin ɗaki, ni ɗakina fayau kamar na baƙuwa. Zane biyu gare ni, in wanke in ɗaura. Wata maƙwabciyata har waƙa take min a bakin rijiya, wai mai dukiya a daji, tsiya a ɗaka. Nakan ce mata, "Ki ci kwanukanki in yunwa ta zo, in kin ƙoshi ki sam min murfi." Bakina bai taɓa mutuwa ba, amma in na koma ɗaka nakan ji zafin abin.

Ta ƙarshe da na saya ita ce babba. Tana bakin hanyar da ke shiga ƙauyen su Inna, mutum uku ba sa zagaye ta da hannu, kuma abin da take zubarwa ita kaɗai ya kai na sauran duka. Shekara biyu ina tara mata. Ranar da aka sara min sawun kaza a jikinta na yi kuka, na ce wa kaina ko yau idon Malam ya rufe ba za mu yi bara ba. Malam nake kiran maigidana. A lokacin ya fara tambayata ko hadari ne ya taso, alhali rana tsaka ce tarwai.

Sai mulkin kai ya zo. Na su Inna ya riga namu, nasu da damina, namu da kaka. An yi kaɗe-kaɗe, an raba wa 'yan makaranta tuta, an ce Bature ya tafi ƙasa ta zama tamu. Ni ma na yi guɗa, me zai hana? Ba a jima ba maganganu suka fara zuwa daga hayin kogi, kowace ta fi ta jiya muni. Wai tunda yanzu ƙasa biyu ce, kowa da sarkinsa, za a ja waya mai ƙaya tun daga bakin kogi har inda ƙasa ta ƙare. Wai an zuba sojoji. Wai duk ɗan ɓangarenmu, ƙasar Ingilishi, da aka kama a can, kudu za a kai shi fasa dutse, ba mace ba namiji. Wanda ya faɗa maka bai gani da idonsa ba, amma ya ga wanda ya gani. Ga kuma kuɗi da aka canja, masu kasuwa suka fara juya tsoffin sulalla suna turo wa mutum abinsa. Wata tsohuwa a unguwarmu ta tono tukunyar da ta yi shekaru tana binnewa, ta kai kasuwa aka ce mata sai dai ta je can inda ake musanya, ita kuwa ko sunan wurin ba ta taɓa ji ba. Ta zauna a rumfar masu gishiri tana kuka. Da na gan ta na tuna da itatuwana. In kuɗi da hatimin sarki a jikinsu za su iya mutuwa, ina ga sawun kaza a ɓawon icce?

Ana cikin haka wani ɗan kasuwar goro ya fara zagaya gari. Mutum ne mai yawan murmushi, yana da gida a nan, yana da gida a can, saboda haka shi iyaka ba ta dame shi ba. Ya bi Zagga, ya bi Kende, ya zo Bagudo, yana neman matan da ke da itatuwa a ƙasar Faransi, don ba ni kaɗai ba ce. Wai taimako yake yi, ya karɓi asarar a kansa. Kuɗin ɗan akuya yake bayarwa a kan icce guda. Tsoro ya sa aka ajiye al'ada gefe, a zaure ake fasa goron, mace ta faɗi shaidarta gaban mutum biyu, ta karɓi abin da aka ba ta tana godiya.

Ranar da ya zo zaurenmu ina bayan ƙofa ina ji, Malam ya kira ni. Ɗan kasuwar ya gaishe ni har da tambayar goyo, ya ce, "Uwargida, na ji labarin babbar ɗorawarki. Wallahi tausai kika ba ni. Bana ba mai tsallakawa, in ta zube kuwa kin san hukuncin. Ki karɓi wanga, ko ba komi kin rage asara."

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Mai goro, banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ya mutu, kai mi za ka yi da shi? Ko gawa kake saye?" Ya yi dariya ya ce shi mai haƙuri ne, zai sake biyowa, sai dai in sani farashin yau ba shi ne na gobe ba. Ya kaɗe rigarsa ya fita.

Malam bai yi min faɗa a gabansa ba, sai da ya tafi. Ya ce itatuwan nawa ne, dukiyar mace tata ce, shi ba zai sa hannu ba. "Amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ki karɓa mu sai awaki." Na ce awaki nawa za su ciyar da gida shekara da shekaru? Na ce wahalar da na sha, da zane biyun, da waƙar bakin rijiya, duk a kan ɗan akuya? Muryata ta hau, tasa ta hau. Can ya sunkuyar da kai, ya ce, "In anka kama ki, wa za shi riƙa min sanda?" Bai taɓa ambaton sanda ba sai ranar. Duk shekarun nan kirci yake cewa. Na koma madafa na zauna.

Watannin da suka biyo baya ban san daɗin tuwo ba. In na sayar, na sayar da abincinmu na tsufa a kan abin da ba zai kai mu damina ba. In na ƙi sayarwa na kasa zuwa, na tashi a tutar babu. In na je aka kama ni, na bar makaho da marayu. Ko ta ina na juya ƙaya ce. Mai goro ya biyo sau da yawa, kowane zuwa ya rage wani abu, kowane zuwa da sabon labarin wanda aka kama. Akwai ranar da na ɗauki mayafi zan bi shi kasuwa in ce na yarda, na kai har bakin masallaci na tsaya. Abin da ya tsayar da ni, na lura duk matan da suka sayar ba wadda hankalinta ya kwanta, sun daina tsoron iyaka sun koma tsoron yunwa. Na juyo gida. Ranar har tukunyar kalwa na ƙona, abin da ban taɓa yi ba tun ina budurwa, warin ya cika unguwa.

Da zafi ya tsananta, lokacin kaɗa ya matso, wata safiya Malam yana zaune a tabarma ya ce, "Ki nemi aron jakai ki tahi." Na ce me ya ce? Ya ce, "Ki tahi. Ƙanwata za ta zo ta zamna da yara. Allah shi kai ki, shi maido ki." Na tsaya ina kallonsa, shi yana ta jan tasbaha. Ban tambaye shi abin da ya sauya masa ra'ayi ba, don ina tsoron kada tambayar ta sa ya janye.

Na goya ƙaramar 'yata, na kora jakai biyu, na bi wasu fataken gishiri. Muka tsallake kogi a babban jirgi, jakan suna ta turjiya. Fataken a kasuwar ƙarshe ta ɓangarenmu suka sauke kaya, suka ce iyakarsu ke nan, wanda ya ƙosa da ransa ya wuce. Wani dattijo cikinsu ya ce min, "Ɗiyata, ki ji tsoron Allah ki koma." Na ce, "Baba, tsoron ne ya kawo ni." Daga nan ni kaɗai ce a hanya, sai kukan kurciya da ƙarar kofaton jakai. Duk kututturen da na hango sai in ga kamar mutum ne a tsugune da bindiga. Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta cin abinci.

Daga nesa na hango babbar ɗorawata, ta yi lodi har rassan sun sunkuyo. Raina ya yi fari, kafin in lura da wani ƙyalle mai launi uku yana kaɗawa a jikin reshenta. Na matso. Babu waya mai ƙaya, wannan ƙarya ce. Amma ga gungume an gitta a hanya, ga rumfar zana, ga jandarma biyu, 'yan sandan can, da gajeren wando da bindiga. Duk faɗin dajin nan ba su ga inuwar da ta yi musu ba sai tawa. Wayyo ni! A kan shaidata ma suka kafa ƙusa suka rataya butar ruwansu.

Ƙaraminsu ɗan kudu ne, ba ya jin Hausa ba ya jin Dandanci, tsawa kawai yake da Faransanci. Babban mai igiya a hannun riga yana jin Dandanci. Ya ce ina za ni, na ce wurin uwata. Suka zazzage mangalata, suka juya ƙullin garina, suka bar ni tsaye har inuwa ta gusa, sannan babban ya ɗaga gungumen. Na wuce ban ko kalli iccen ba, kamar ban taɓa saninsa ba.

Inna ta rungume ni tana kuka tana zagina, wai wane mahaukaci ya bar ni na taho. Da na ambaci babbar ɗorawa ta toshe min baki da tafin hannunta. Inna da ba ta tsoron kowa! Amma a zamanin aikin tilas masu wando irin na jandarman nan suka tafi da wanta, bai dawo ba. Ta ce, "Ki kaɗe ƙananan ki bar musu waccan. Icce ba ya kai rai." Mai gonar da babbar take ciki ma ya zo gaishe ni, ya ce lalle gara a bi a hankali, hukuma ba abar wasa ba ce. Yana faɗa yana kallon gefe. Na gane shi sarai, jira yake ta zube ta koma hannunsa ba tare da ya ce uffan ba.

Na kaɗe ƙananan, matan gidan su Inna suna taya ni tsincewa. Kullum in na ɗaga kai ina hango babbar, ta bushe ta yi baƙi, iska ta fara kakkaɓo ta ɗaya-ɗaya, awaki suna bi suna ci. Rabin dukiyata ke nan a bakin awaki. Ranar da na ga haka da idona na yanke shawara. Washegari da hantsi na ɗaure goyona tamau, na ɗauki gora mai ƙugiya, na nufi hanya. Inna ta biyo ni da sandarta tana cewa in dawo, wasu dattawa biyu suka biyo ta daga nesa-nesa, irin tafiyar da in ta ɓaci za su ce wucewa suke.

Na durƙusa gaban babban na ce, "Ranka ya daɗe, iccen ga nawa ne. Na zo kaɗa." Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Ya ce, "Ke 'yar Ingilishi, wannan iccen gwamnati ne." Na tashi na ɗage butarsu na dafa sawun kaza. Na ce, "Ga shaidata. Ga waɗanda sunka ci goron can tsaye. Gwamnati bara ta zo, ni na riga ta." Wallahi ban san lokacin da maganar ta fita ba. Inna ta ce innalillahi. Babban ya tsura min ido, ni kuwa ina jin fitsari yana neman kufce min.

Sai ya kwashe da dariya, ya faɗa wa ƙaramin da Faransanci, shi bai yi dariya ba. Babban ya ja layi da takalminsa daga gindin iccen zuwa gungumen, ya ce iyaka ta nan ta bi, ta raba iccen biyu. Rassan da ke kallon ƙasar Ingilishi in tsaya a ƙasarmu in kaɗe. Na ɓangarensu in na taɓa, zan ga abin da zai same ni. Na san a take ya ƙirƙiro hukuncin don nishaɗi, amma rabi ya fi babu, kuma ko reshe ɗaya na kaɗa gaban dattawa iccen bai fita hannuna ba.

Na fara kaɗa. Gorar doguwa ce, ga goyo, ga rana, ga ƙaramin jandarman zaune da bindiga a cinya yana bin ƙugiyata da ido. Ɗorawa tana zubowa ina turawa da ƙafa ɓangarenmu. Har na fara samun natsuwa. Na kai gorar ga wani reshe mai nauyi na fizgo, ashe ƙugiyar ta sarƙe da igiyar tutarsu. Na ji abu ya tsinke. Ina ɗaga kai na ga ƙyallen yana saukowa a hankali, ya faɗi cikin ƙura a gaban rumfar.

Ƙaramin ya yi wata irin ƙara ya miƙe, na ji ƙarfen bindiga ya yi ƙaras. Bakinta ya dubo ni. Ban gudu ba. Abin da kawai na iya, na juya masa gabana sosai don kada harsashin ya sami 'yar da ke bayana. Na ga Malam zaune a tabarma yana jira, na ga yarana, na ce shi ke nan, kwaɗayin kalwa ya kashe ni. Inna ta yar da sanda ta zube a ƙasa ta kama ƙafar babban tana kiransa ɗana, ɗana, tana roƙo da Dandanci. Babban ya daka wa ƙaramin tsawa, ya sa hannu ya danne bakin bindigar ƙasa. Fuskarsa babu sauran wasa. Ya ɗauki gorata ya karya a gwiwa, ya nuna min tsakiyar rana ya ce in durƙusa.

Na durƙusa a kan tsakuwa mai zafi, 'yata tana tsala kuka har muryarta ta dushe, ba a bar ni na juyo da ita na ba ta nono ba. Ba wanda ya gaya min ko kudu za a kai ni ko sakina za a yi. Ina jin su suna gardama a rumfa, duk kalmar da ta fito sai in ce ita ce hukuncina. Sai da la'asar ta yi sanyi babban ya fito ya ce in kwashe abin da na kaɗo in ɓace masa da gani, baɗi kuma in zo da gajeriyar gora. Baɗi! Kalmar nan ita na riƙe. Dattawan nan biyu sun ji ta, mai gona ma ta kai kunnensa kafin magariba.

Na yi kwanaki a gidan Inna gwiwoyina suna ɗurar ruwa, muna ɓare ɗorawa muna dakawa muna wanke kalwa. A hanyar dawowa ina bin jakai da ɗingishi na yi wa kaina alkawari, ba zan ƙara tara dukiyata duka a wuri ɗaya ba, ko da wurin gidan uwata ne. Daga baya na cika shi, na sayi itatuwa a ɓangarenmu wajen Zagga, na haɗa da awakin da Inna ta raina. Amma a ranar ba wannan ne a gabana ba. Ɗoki nake in isa gida Malam ya ga mangala cike, in ce masa to ga kazar akurkin ta iso.

Na shigo unguwa da yamma, yara suka rugo suna murnar dawowata. Malam yana zaune a bakin zaure. Na yi sallama da ƙarfi, har da 'yar taƙama. Ya amsa da murna, ya miƙe, amma fuskarsa wajen jakan ta nufa, ni ina gefe guda. Ya miƙo hannu yana laluben iska. A jingine da bango, kusa da inda ya tashi, ga sabuwar sanda ko ɓawonta ba a gama feƙewa ba.

Na kama hannun na ɗora a kan mangala. Ya shafa ta tun daga sama har ƙasa, ya zura yatsu ya ɗebo kalwa ya murza, ya kai hanci. Ya ce, "Ta yi kyau bana."

Na ce, "Malam, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun kafin ki tahi. Na ga in na faɗa miki ba za ki tahi ba, mu kuwa ba mu da wata gona yanzu sai taki." Ya mayar da kalwar cikin mangala a hankali, bai bar ko ƙwaya ɗaya ta faɗi ba. Sannan ya ce in kama shi mu shiga ciki, bai saba da sandar ba tukuna.